Littafi Goma Sha Biyu A Shekara: Da Wanne Za A Fara?

Kabir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga Katsina ta Dikko ɗakin kara. Ni ne Kabir, ga Hajara, ga kuma Nura da ya iso yanzun nan daga Daura da ƙurar hanya a hularsa.

Nura: Wa alaikumus salam. Hunturu ne ya kama sosai, Yaya Kabir.

Hajara: To ni dai tun makon jiya da na furta cewa bana zan karanta tsofaffin littattafanmu guda goma sha biyu, ɗaya kowane wata, wayata ba ta huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: da wanne za a fara? Wata baiwar Allah ma cewa ta yi a haɗa mata jerin gaba ɗaya kafin mu tashi yau.

Kabir: Za mu haɗa, in sha Allah. Amma Hajara, ba sai an wahala ba. Ki fara da biyar ɗin nan na gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, waɗanda aka buga a 1934. Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Jiki Magayi, Idon Matambayi. Dukkansu ƙanana ne, babu wanda zai kai ki mako guda. Kuma abin da ke ba ni sha'awa, uku daga cikin marubutan nan garin nan ya raine su. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Ku duba fa, 22! Yayansa Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne a nan, daga baya ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa kuma, mai Shaihu Umar, Kwalejin Katsina ya yi. Ginin nan na ƙasa yana nan har gobe, muna wuce shi a babur ba ma ko waiwaya.

Nura: Ni fa ina ganin Magana Jari Ce ya kamata ta fara da shi.

Kabir: A'a Nura, ai wannan...

Hajara: Dakata Yaya, ai tambayata ke nan. Magana Jari Ce ɗaya zan ƙirga shi ko uku? Don in uku ne, na ci wata uku a zama ɗaya.

Nura: Uku ne mana, littafi na ɗaya, na biyu, na uku.

Kabir: Ki ƙirga shi uku, ba ki ci haram ba. Amma shi tarin labarai ne, aku ke ba da su ɗaya bayan ɗaya, kina iya ajiye shi yau ki ɗauka bayan sati biyu ba abin da ya ɓace miki. Don haka nake cewa kada ki fara da shi. Mutum zai ɗauka, ya karanta labari huɗu, ya ajiye, shi ke nan har shekara ta ƙare. Ki bar shi a gefen matashi, ki riƙa tsakura bayan isha'i. Amma Ruwan Bagaja, da zarar Alhaji Imam ya haɗu da Malam Zurƙe, kin shiga ke nan, sai kin ga ƙarshensa.

Nura: Zurƙe ɗan Muhamman!

Kabir: Shi fa. Wannan ya yi wa wannan, wancan ya rama, gari bayan gari. Na farko da na riƙe a hannuna na kakana ne, cikin adakarsa yake tare da carbi da kwalbar turare. Bangon ya rabu, an ɗinke shi da baƙin zare, takardun sun yi ja kamar ganyen shayi, in ka buɗe ƙamshin turaren nan ne zai fara dukan hancinka. Shafi biyu na ƙarshe babu su. Na yi shekaru ban san yadda aka ƙare ba, sai da na shiga sakandare na sami cikakke, bugun NNPC.

Hajara: NNPC ta mai?

Kabir: Ta Zariya, Hajara, kamfanin ɗab'i!

Nura: Wallahi ƙanena haka ya tambaye ni. Ya ga NNPC a bayan Shaihu Umar, ya ce yaushe suka fara sayar da littafi, a gidan mai ake samu?

Hajara: A ba ni lita biyu na Ganɗoki.

Nura: Babu, sai dai ki bi layi, motar Jiki Magayi ba ta iso ba.

Hajara: Ko in nemi 'yan bumburutu, su zuba mini Idon Matambayi a galan.

Nura: Su ai sai sun gauraya miki da wani littafin.

Kabir: To, to, ya isa.

Hajara: A cika mini tanki da Magana Jari Ce, ya kai ni har Jibiya.

Kabir: Kun gama? Amma fa Idon Matambayi ɗin da kika ambata, da gaske ya fi sauran wuyar samu, sai an tona wajen masu tsofaffin littattafai. Mu koma kan Shaihu Umar, don shi nake so ki karanta na biyu. Wannan ba na dariya ba ne. Yaro ne aka raba shi da uwarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da shi, uwar kuma ta bi sawu tana nemansa har ita ma ta faɗa hannun bauta. Ranar da na karanta wa mahaifiyata wannan wuri da babbar murya, tana tsinke zogale a faranti, sai na ga ta tsaya cak, ta ce in dakata. Ba ta yi boko ba, amma ta ce kakarta ta ba ta irin wannan labari da bakinta. Shi ya sa nake roƙon masu saurare, in za ku yi wannan karatu, ku karanta wa wani a gida. Hausar cikin littattafan nan a kunne take zama daram.

Hajara: Ina jin ka Yaya, amma duk waɗanda ka lissafa maza ne. Ni a jerina sai na sa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980. Sannan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu.

Kabir: Na farkon na yarda. Na biyun kuwa, ya tsufa har a kira shi tsohon littafi?

Hajara: Ya haura shekara 30, kuma har an fassara shi zuwa Turanci. Yadda ta nuna halin da mace ke shiga in miji ya juya mata baya da ɗiya a gabanta, cikin biyar ɗinka babu wanda ya taɓo wurin.

Nura: Gaskiyarta. Ni kuma a bar mini gurbi ɗaya na Daura. Tauraruwar Hamada, na Sa'idu Ahmed Daura.

Kabir: An ba ka. In kuma gida za a bi, ai ba mu gama ba. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tushen labarinsa daga ƙasar Rasha yake, amma in kana karantawa ka rantse a Ingawa aka haifi Iliya. Ga Sulaiman Ibrahim Katsina da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya. Ga Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ni ban taɓa karanta littafin Hausa da ya hana ni barci kamarsa ba. Wannan sai ki ajiye shi sai hutu, don yana da kauri, kuma ba ya son a riƙa katse shi.

Hajara: Tsaya in ƙirga. Biyar, da uku na Magana Jari Ce takwas, da nawa biyu goma, da na Nura sha ɗaya, da naka huɗu... sha biyar! Yaya Kabir, wata goma sha biyu ne a shekara.

Kabir: To a cire uku.

Nura: Ba dai na Daura ba.

Hajara: Ba kuma nawa ba.

Kabir: A mayar da Magana Jari Ce ɗaya, saura sha uku. Sai a cire... kai, ga kiran magariba can. Jama'a, wannan wata dai Ruwan Bagaja, kowa ya nemo nasa. Sauran mā ƙarasa mako mai zuwa.

Hajara: Baiwar Allah mai jiran jeri, ki yi haƙuri.

Nura: Yaya Kabir, na kakan naka yana nan? Ka ara mini.

Kabir: Yana nan, amma ba ya fita daga gida. Ka zo ka karanta a zaure. Nura, kashe na'urar.