Darasin Lafiya: Cutar Siliyak da Abincin Mai Ita a Gidajenmu

Assalamu alaikum, masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili na lafiya da muke gabatarwa daga nan Bauchi. Darasinmu na yau ya shafi wata cuta da ake kira siliyak, wadda mai ita yakan yi shekaru yana shan maganin olsa, ko na taifot, ko jiƙe-jiƙen basir da shawara, alhali abin da ke cutar da shi yana cikin burodin da yake karyawa da shi kowace safiya. Ina roƙon iyaye mata musamman su matso kusa da rediyo, domin yawancin abin da zan faɗa a madafi yake faruwa.

A cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai wani sinadari mai suna gulutin. Duk macen da ta taɓa kwaɓa funkaso ko alkubus ta san shi, ko da ba ta san sunansa ba, domin shi ne yake sa kwaɓin ya yi danƙo, ya riƙa miƙewa a hannu ba tare da ya tsinke ba. Yawancin mutane suna cinsa lafiya ƙalau. Amma ga mai siliyak, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji, sai garkuwar jikinsa ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta tashi yaƙi, kuma a cikin yaƙin ta riƙa lalata bangon hanjin. Shi wannan bango yana da 'yan ƙananan tsirrai masu kama da gashin tawul, waɗanda suke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Idan suka cinye, sai bangon ya koma sumul kamar tawul ɗin da ya tsufa, mutum ya yi ta ci amma abincin yana wucewa ba tare da jiki ya amfana ba.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙar cutar da alkama. A lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, burodi ya yi wuya, sai ya lura yaran da yake jinya masu wannan cuta sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma sai ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. A yau an ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma kada wani ya ce cutar Turawa ce, domin ɗaya daga cikin al'ummomin da aka fi samunta a cikinsu su ne mutanen Yammacin Sahara, a nan nahiyarmu ta Afirka. Tana bin jini, har ma kusan 1 cikin 10 na 'yan'uwan mai ita na kusa, wato iyaye da 'ya'ya da waɗanda suke ciki ɗaya, ana samunsu da ita.

Alamominta suna da ruɗarwa. A jikin yaro sau da yawa sukan bayyana bayan an fara ba shi biskit da burodi da taliya: gudawa mai maiƙo da wari wadda ba ta jin magani, ciki ya kumbura, ɗuwawu da cinyoyi su tsotse, yaron ya yi ta ƙiwa da kuka, sa'anninsa su wuce shi a tsawo, har a ce tamowa ce. Ga babba kuma wani lokaci babu gudawar ma, sai dai ƙarancin jini wanda ake ta shan magani ba ya gyaruwa, da kasala, da ciwon ƙashi, da gyambon baki, da wasu ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa. Wasu matan kuma yawan ɓari ko jinkirin haihuwa ne yake kai su asibiti.

A nan akwai gargaɗin da nake so kowa ya riƙe. Wanda ya ji waɗannan alamomi ya ga sun yi kama da nasa, kada ya daina cin alkama kafin a gwada shi. Gwajin farko na jini ne, ana neman sojojin garkuwar da jiki yake fitarwa saboda gulutin, sannan a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki na hanji a duba. Idan mutum ya riga ya yi makonni bai ci alkama ba, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. Don haka a fara da ganin likita, a nemi ya tura mutum wurin ƙwararren likitan ciki da hanji a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Idan aka tabbatar da cutar, maganinta ɗaya ne, wato barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa. Babu ƙwaya ko allura ko sassaƙe da yake maye gurbin wannan. Na san maganar tana da nauyi, amma mu a ƙasar Hausa Allah ya yi mana sauƙin da mutanen wasu ƙasashe ba su samu ba, domin cimarmu ta gado ba a kan alkama aka gina ta ba. Gero da dawa da maiwa da masara da shinkafa da tamba, da accar da ake nomawa a kudancin jihar nan, babu gulutin a cikinsu ko kaɗan. Haka rogo da doya da dankali da wake da gyaɗa da riɗi, da nama da kifi da ƙwai da nono da ganyaye. Ke nan mai siliyak zai ci tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci tuwon dawa da miyar kuka, ya sha fura da nono da kunun gyaɗa, ya ci ƙosai da alale da dambu da faten acca. Abin da zai bari shi ne burodi da gurasa da taliya da makaroni da Indomie da kuskus da tuwon samo da tuwon alkama, da funkaso da alkaki da alkubus da fanke da cincin da biskit da kek.

Waɗannan a fili suke. Inda na fi jin tsoro shi ne fulawar da ta shiga abincinmu ta bayan gida. Ɗanwake a da garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, amma yanzu a gidaje da yawa fulawa ce rabinsa ko fiye. Masar da muke alfahari da ita a Bauchi ta shinkafa ce, sai dai wasu masu tuya sukan barbaɗa fulawa a ƙullin don ya kama jikinsa, haka ma sinasir. Wasu kan turbuɗa kifi ko awara a fulawa kafin su soya. Saboda haka mai siliyak dole ya koyi tambaya cikin ladabi: “Baba, don Allah akwai fulawa a ƙullin nan? Likita ne ya hana ni.” Idan amsar ba ta fito sarai ba, gara ya haƙura.

Sai kuma abin da ake kira cuɗanya, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne yake sa mutum ya ce ya bar alkama wata shida amma bai ga sauƙi ba. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya shi ne, ba a kiran abinci marar gulutin sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, wanda yake nufin ɓurɓushin burodi kaɗan ya isa ya tayar da hanji. Ku ɗauki misalin gidan niƙa a unguwa. Yarinya ta kawo masarar gidansu a roba ta ajiye a layi, wadda ke gabanta kuma alkama ta kawo domin mahaifinta mai ciwon suga. Mai inji ya juye alkamar, garin ya fito, ya ɗan buga bakin injin da tafin hannu, sannan ya juye masarar a kai. Garin farko da zai zubo a robar yarinyar gauraye yake da ragowar alkama, ko da ido bai gani ba. Abin da ya fi shi ne a nemi injin da ba a niƙa alkama a cikinsa, ko a koma ga turmin da aka keɓe, ko iyali su haɗa kuɗi su sayi ƙaramin inji idan da hali. Zuba ɗan hatsi a fara wanke injin da shi a ware garin farko yana rage haɗarin, amma ba ya kawar da shi.

Irin wannan cuɗanya tana faruwa a kasuwa, idan mai awo ya auna fulawa da mudu sannan ya tsoma shi a buhun garin masara, shi ya sa ya fi kyau a sayi hatsi tsaba, a tsince, a wanke, a shanya. Tana faruwa a kaskon da aka toya fanke sannan aka toya ƙosai a man, da teburin mai shayi inda wuƙar burodi take yanka albasar ƙwai. A gida, uwargida, ki ware wa mai cutar rariyarsa da muciyarsa da matsamin da ba a tace taliya da shi, ki fara girka nasa ki rufe kafin ki buɗe ledar fulawa, domin garinta yana tashi a iska ya sauka a kan kwanuka.

Kayan gwangwani da na leda kuma sai an karanta jikinsu. Da yake da Turanci ake rubutawa, kalmomin da za a nema su ne wheat da barley da rye da malt, kuma a duba dunƙulen ɗanɗanon miya da garin shayi da lemon malt, domin wasu ana haɗa su da alkama ko sha'ir, wasu kuma da dawa. Wanda bai iya karatun ba ya ba ɗansa ɗan makaranta ya duba masa.

Ina da kira na musamman ga masu ciwon suga. An saba ba su shawarar cin tuwon alkama, amma masu nau'in sugan da yake kama yara da matasa, wanda ake yi wa allurar insulin, sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da siliyak. Idan irin wannan yaro yana fama da ciki ko ya ƙi girma, a gaya wa likitansa, kuma acca da wake za su iya tsaya masa a maimakon alkamar.

Wanda ya kiyaye yakan fara jin sauƙi cikin 'yan makonni, amma warkewar hanji tana ɗaukar watanni ga yara, ga manya kuwa takan kai shekara biyu ko fiye. A farkon lokacin madara tana iya ɓata wa wasu ciki, sai hanjin ya farfaɗo su koma sha. Likita yakan ƙara da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, a gida kuma a yawaita zogale da alayyafo da hanta da wake.

Abu mafi wuya, a ganina, shi ne zama da jama'a. A gidan biki ko suna, ko wurin buɗa baki da azumi, ko gidan surukai, za a ajiye wa mutum alkaki da funkaso a ce, “Haba, ɗan kaɗan ai ba zai yi komai ba,” kunya kuma ta hana shi ƙi. Ina roƙon dangi su daina wannan matsi, domin ɗan kaɗan ɗin yana yi wa hanji rauni ko da mutum bai ji ciwo a ranar ba. Mai cutar ya ci abincinsa kafin ya fita, ko ya tafi da ƙunshinsa. Yaro ɗan makaranta a sanar da malaminsa na boko da na Islamiyya, a kuma cika masa jaka da gyaɗa da dabino da aya da ƙuli-ƙuli na gida, don kada ransa ya biya idan abokansa suna cin biskit.

Lokacinmu ya ƙare a nan. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga madafi mu nuna yadda ake kwaɓa ɗanwake da garin wake da na rogo zalla, da yadda ake fanken shinkafa ba tare da fulawa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.