Lacca: Fadamar gishiri ta bakin teku da halittun da ke cikinta

(An gabatar da ita a Sakkwato, an rubuto daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan uwa ɗalibai, mu nan Sakkwato mun san fadamar Rima: ambaliya ta zo sau ɗaya a shekara, ta bar laka, ta janye. To, a bakin teku akwai fadamar da ruwa yake shiganta sau biyu a yini, duk lokacin da teku ya ciko kafin ya janye, kuma ruwan gishiri ne, kusan giram 35 a kowace lita. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi. A wurare masu zafi irin Neja Delta, itatuwan mangurof, masu tsirowa cikin ruwan gishiri, su ne suka maye gurbinta.

Ciyayi kaɗan ne suke jure wannan hali. Wadda masana ke kira Spartina tana fitar da gishiri ta ƙananan ƙofofi a ganyenta, har ka ga farin gishiri a kai. Karan nata kuma yana da ramuka masu kai iska zuwa saiwa, don taɓon ba shi da oksijin, shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita kuwa Salicornia ruwa take tarawa a jikinta, ta surka gishirin.

A lura da wannan sosai: yawancin ciyawar ba ɗanya ake cinye ta ba. Mutuwa take yi ta ruɓe, ƙwayoyin cuta su narkar da ita, tsutsotsi da dodon koɗi da jatan lande su ci, 'ya'yan kifi su ci waɗannan a cikin 'yan magudanu inda babban kifi ba ya iya shiga. Ƙaguwa tana haƙa ramuka, iska ta samu hanyar shiga taɓo. A kudu maso gabashin Amurka an ga abin da rashin manyan ƙaguwa ke jawowa: dodon koɗin da suke ci ya yi yawa, ya gwaguye ganye, naman gwari ya kama raunin, fili ya koma tsurar taɓo.

Sai tsuntsaye. Tekun Wadden, wanda Holan da Jamus da Denmak suka raba, tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke yada zango a cikinsa duk shekara. Da yawa suna wucewa Banc d'Arguin a Muritaniya. Wasu dangoginsu suna cin rani a dausayin Haɗeja da Nguru. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda ƙasashen duniya suka yi don kare dausayi, saboda irin waɗannan wurare aka ƙulla ta.

Me ke kashe fadamar? Tare ruwa, jama'a. A yi titi a sa ƙaramin kwalbati, gishiri ya ragu a bayansa, doguwar ciyawa iri ɗaya ta mamaye ko'ina, tsuntsayen taɓo su rasa wurin kiwo. Madatsar ruwa a kan kogi kuma tana riƙe lakar da fadamar ke ƙara tudu da ita, alhali teku na hawa fiye da milimita 3 a shekara. In akwai katanga a baya, fadamar ba ta da inda za ta ja, sai ta nutse. Abin yana ba ni takaici, domin maganin sananne ne.

Mai son gyara ya fara auna tudun ƙasar da iyakar cikowar ruwa, sannan ya faɗaɗa kwalbatin ko ya fasa katangar. Kada ya yi gaggawar dashe: in ya dasa a ƙasa da tsakiyar cikowa, wato rabin tazarar da ke tsakanin iyakar cikowa da iyakar janyewa, saiwa ta daɗe cikin ruwa ta ruɓe, in ya hau tudu da yawa, rana ta ƙafar da ruwan, gishiri ya taru ya ƙone shukar.