Furfurar Kyanwa da Zubar Gashinta

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo a kan tsohuwar kyanwa: launin gashinta, zubarsa, sai lokacin da ya kamata a kai ta wurin likitan dabbobi.

Na farko, launi. Baƙin gashi daga wani sinadari yake zuwa, melanin, shi kuma jiki da wani sinadarin yake haɗa shi, tairosin, wanda kyanwa ke samu a nama. In ya yi ƙaranci a abincinta, sai ka ga baƙar kyanwa ta koma ja-ja kamar tsatsa. Yawan kwanciya a rana ma na koɗar da ita. Furfura takan fito a fuska, amma ba ta kai ta kare ba, balle tawa. (Dariya)

Amma ku tsaya in ba ku labarin kyanwar Siyam, wato ƙasar Tailan ta yau, don ita ce ke burge ni. Fara fat ake haifarta. Fara fat! Abin da ke sa launi a jikinta ba ya aiki sai inda fata ta yi sanyi. Cikin uwa kuwa ko'ina ɗumi ne, digiri 38 zuwa 39, ina baƙi zai fito? To tana fitowa duniya, ina ne ke fara yin sanyi? Malam, faɗi mana. Kunne, yauwa! Kunne, hanci, ƙafafu da wutsiya. Nan ne za su yi duhu. Kai, ko ciki likita ya aske mata don tiyata, sabon gashin da duhu yake fitowa, saboda wurin ya sha iska, sai ya zube wani ya maye shi launin ya dawo. Wadda ke ƙasa mai sanyi ta fi ta ƙasa mai zafi duhu. Tana manyanta kuma duk jikin na ƙara duhu. Mu muna fari, ita tana baƙi!

Ina muka tsaya? Na uku... a'a, na biyu, zubar gashi. Tsawon yini ne ke ba jikinta umarni, ba zafi kaɗai ba. Yini ya fara tsawo, sai ta zubar da gashin sanyi. Ta cikin ɗaki da ke kwana da fitila, lissafi ya rikice mata, duk shekara zubarwa take. Wannan ba cuta ba ce, a dinga taje ta kawai. Sanƙo da susa, wannan daban, a duba ƙuma. In ta haura shekara 10 kuka ga gashi ya dunƙule a gindin wutsiya, ba ƙazanta ba ce. Galibi ciwon gaɓoɓi ne ya hana ta lanƙwasa ta lashe wurin, ko ciwon haƙori.

Na'am Hajiya?

(Tambaya: Ranka ya daɗe, in gaɓoɓin ne, a ba ta farasitamol?)

Subhanallahi, a'a Hajiya! Ku ji ni duka. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Jininta ne zai kasa ɗaukar iska, dasashi ya canja launi, fuska ta kumbura. Ko rabi kada a ba ta, ko na yara. In ta riga ta haɗiya, a tafi asibitin dabbobi nan take, kada a jira alamu, akwai makarinsa in an yi sauri. Maganin gaɓoɓi na kyanwa yana nan, amma sai an gwada ƙodarta tukun, don tsofaffinsu na yawan fama da ciwon ƙoda. An ce lokaci ya ƙare? To, na ukun sai wani jiƙon.