Na ga wuri a garin 'yan Viking

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin garin York na Ingila a watan Fabrairu ba ya wasa, yatsuna har sun ƙage a jikin wayar nan. Ku dubi bayana. Wancan mai gemu har ƙirji, da gatari a kafaɗa, na tambaye shi sana'arsa, wai malamin lissafi ne a sakandare. Duk shekara a wannan watan garin yake cika da irinsa, ana bikin tunawa da 'yan Viking, mutanen arewacin Turai da suka ci garin nan da yaƙi a 866, suna kiransa Jorvik.

Yara kuma kowa da hularsa ta roba mai ƙaho biyu. Malamin ya ja ni gefe ya ce kada in sa wannan a bidiyo a matsayin tarihi, domin ba a taɓa tono hular yaƙinsu mai ƙaho ba, masu wasan dandamali na ƙarni na 19 ne suka ƙaƙaba musu.

To, ɗazu na fito daga gidan tarihinsu da ke titin Coppergate. A nan aka yi tono daga 1976 zuwa 1981, aka buɗe wurin a 1984. Ana zaunar da kai a wata kujera mai tafiya da kanta, ta ratsa da kai cikin unguwar kamar yadda take shekara dubu baya. Wari kuwa, wallahi da gangan suka haɗa shi: ƙarnin kifi, hayaƙin maƙera, har da na masai. Baturiyar da ke kusa da ni ta toshe hanci, ni kuwa sai na ji kamar na bi ta bayan mahauta da rana tsaka.

Abin da aka tono a ƙasar nan yawanci kayan masu sana'a ne, mataji na ƙahon barewa, takalman fata, akushi, har hular siliki. Amma inda na tsaya cak shi ne gaban wani wuri da aka ce daga Bahar Maliya ya zo. Wuri fa, jama'a, ɗan uwan wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, har kalmar kuɗi ta samo asali daga gare shi. Ta yaya ya iso nan? Fatauci. Sai dai jiragen da suka kawo siliki su ne kuma suka riƙa kai bayi kasuwar Dublin ta ƙasar Ireland, kuma ban ga wanda ya yi shigar bawa a bikin nan ba.

Kusa da wurin akwai dirhami mai rubutun Larabci, irin na birnin Samarƙand da ke tsakiyar Asiya. Na matsa ina ƙoƙarin karantawa, sai ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce ai jabu ne. Wato tun wancan zamanin an damfari wani bawan Allah, ya taho da shi har Ingila yana murna.

Bari in nemi shayi, batirina saura kaɗan.