Sharhi: Sandar Sihiri Ba Ta Dafa Tuwo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A ranar 26 ga watan Yunin 1997 ne kamfanin ɗab'i na Bloomsbury da ke Landan ya fitar da littafin farko na Harry Potter, wanda J.K. Rowling ta rubuta. Labarin wani maraya ne da ke kwana a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene a gidan yayar mahaifiyarsa, har ranar da ya cika shekara 11 aka sanar da shi cewa yana da baiwar sihiri, kuma akwai makaranta da ke jiransa. Littattafai bakwai aka yi zuwa 2007, an sayar da fiye da kwafi miliyan 600, an fassara su cikin harsuna fiye da 80, an kuma yi finafinai takwas tsakanin 2001 da 2011. Yaranmu na kallon su a waya da tauraron ɗan Adam, kuma iyaye da dama hankalinsu bai kwanta ba. Suna da hujja. Sihiri haramun ne, babu ja-in-ja a kan wannan, kuma mun san irin ɓarnar da bokaye ke yi a gidajen mutane. Ko a Amurka ma, waɗannan littattafai su ne kan gaba a jerin waɗanda aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, kamar yadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta bayyana.

To amma wanda ya zauna ya bi labarin daga farko har ƙarshe zai ga wani abin da masu hange daga nesa ba su gani. Marubuciyar ta ɗaure wa sihirin nan ƙafa, ta ɗaure masa hannu, har ya zamana duk inda rayuwa ta matsa wa yaron da gaske, sandar tasa ba ta tsinana masa komai.

Mu fara da hutun makaranta. Duk ƙarshen shekara sai Harry ya tattara akwatinsa ya koma gidan da ba a ƙaunarsa. Doka ta hana duk wanda bai kai shekara 17 ba yin sihiri a wajen makaranta. Don haka yaron da ya gama fafatawa da dodanni, shi ne za a gani yana wanke mota, yana goge tagogi, yana yanke ciyawa cikin rana, ɗan gidan kuwa na zaune yana lasar askirim. Yana da abin da zai rama da shi a cikin akwati, amma dole ya haɗiye. Ranar da ya kasa haɗiyewa, yana ɗan shekara 13, wata baƙuwa ta ci mutuncin iyayensa da suka rasu, ransa ya ɓaci har ta kumbura ta tashi sama, a daren nan ya bar gidan da akwatinsa, bai san inda zai nufa ba. Da ya kai 15, ya yi sihiri don ya ceci kansa da ɗan gidan nan da ke cin zalinsa, sai ga takardar kora daga makaranta, aka gurfanar da shi gaban kotu cike da manya. Da ƙyar ya sha.

Sannan ga talauci. Babban amininsa Ron ɗaya ne daga cikin 'ya'ya bakwai. Uwa da uba duk masu sihiri ne, amma rigar makarantarsa ta yayansa ce, sandarsa ma kwance ce daga wani yayan, littattafai kuwa sai an nemo na hannu. Yaron yana jin kunyar wannan, yana ɓoye shi da fushi, kuma duk wanda ya taɓa shiga aji da takalmin da ya yi masa yawa ya san wannan kunya. A littafi na bakwai, lokacin da Harry da Ron da ƙawarsu Hermione suka bar makaranta suna ɓuya a daji cikin tanti, an fito fili an ce abinci na cikin abubuwan da sihiri ba ya iya samarwa daga babu. Yunwa ta ci su, suka koma tsintar abin da daji ya ba su, rai ya ɓaci, baki ya yi tsami, har Ron ya yi zuciya ya tafi ya bar abokansa. Yunwa da kishi ne suka raba su, abin da babban maƙiyin Harry da dakarunsa suka kasa yi.

Mutuwa kuwa, ita ce babbar katangar. Tun a littafin farko Harry ya tarar da wani madubi da ke nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi so, ya ga uwarsa da ubansa suna masa murmushi, ya dinga komawa da dare yana zama a gabansa. Shugaban makarantar ya sa aka ɗauke madubin, ya gargaɗe shi kada ya neme shi, domin mutane sun lalace a gabansa. Har labarin ya ƙare babu wanda ya dawo masa da iyayensa. Kuma da wani bawa da ya taɓa 'yantawa ya mutu wajen ceton su, Harry, wanda a lokacin ya cika 17 kuma doka ta sake masa mara, ya ce a ba shi shebur. Ya haƙa kabarin da hannunsa, gumi na zuba, hannu na yin kanta, alhali da kalma ɗaya zai iya buɗe ramin. A ganina nan ne yaron ya zama mutum, kuma shi ne wuri mafi nauyi a duk littattafan bakwai.

Japanawa ma sun ba da irin wannan labari, cikin ruwan sanyi. A 1985 Eiko Kadono ta rubuta littafin Kiki, a 1989 Hayao Miyazaki ya mai da shi fim ɗin zane. Al'adar danginsu na masu sihiri ita ce yarinya ta bar gida tana da shekara 13, ta je wani gari ta yi shekara guda tana ci da kanta. Kiki ba ta iya komai ba sai tashi sama a kan tsintsiya, don haka ta mai da shi sana'a: kai saƙo. Wata mai gidan burodi, da tsohon ciki, ta ba ta ɗaki a sama, ita kuma tana taya ta jiran kanti. Kuɗin cefane na yi mata wuya. Wata rana wata tsohuwa ta kira ta don ta kai wa jikarta gasasshen abincin kifi na bikin ranar haihuwa, sai ta tarar na'urar gashin ta lalace. Kiki ta naɗe hannun riga, ta ɗebo itace, ta hura tsohon murhu, aka gasa. Ta ɗauka ta tashi, ruwan sama ya tsuge, ta rufe kwandon da rigarta, ta isa jiƙe sharkaf. Jikar ta buɗe ƙofa, ta karɓa a yatsine, ta ce ita fa ba ta son wannan abincin, ta mai da ƙofa ta rufe. Kiki ta rasa walimar da aka gayyace ta a daren, ta kwanta zazzaɓi, kuma ba a daɗe ba baiwar ta gudu, ta hau tsintsiya ta ƙi tashi. Babu mugun da ya yi mata asiri. Gajiya ce da karayar zuciya, irin wadda ke kama duk yaron da ya fara neman na kansa ya gane cewa ba kowa ke cewa an gode ba.

Mu Hausawa ba baƙin labaran al'ajabi ba ne. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, akwai aljanu da ƙasashen da babu su a taswira, kuma an karantar da su a makarantunmu shekara da shekaru. Malaman da suka koyar da su sun san bambancin ƙagaggen labari da zuwa wurin boka, kuma sun iya nuna wa ɗalibai bambancin. Abin da ya canza shi ne, da can malami ko kaka na kusa idan labari ya zo wurin tsoro, yanzu kuwa yaro shi kaɗai yake da waya a ƙarƙashin bargo.

Shi ya sa nake roƙon iyaye, kafin a hana ko a ƙyale, a zauna a kalla tare, ko sau ɗaya ne. A gaya wa yaro ƙarara hukuncin sihiri a addini, sannan a tambaye shi me ya sa Harry ya ƙi amfani da sandarsa wajen haƙa kabarin nan, a saurari amsar da zai bayar. A kuma lura da shekaru. Fim ɗin Kiki ko ɗan firamare zai iya kallo, amma labarin Harry yana girma ne tare da yaron: daga kashi na huɗu ana fara kashe ɗalibi a gaban ido, ana azabtar da mutane, kuma abin ƙara duhu yake yi har ƙarshe. Wannan ba na ɗan shekara bakwai ba ne, komai nacinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.