Hannatu Musawa da rigimar bautar ƙasa: ina ne aka ruɗe?

Jama'a assalamu alaikum. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce Hannatu Musa Musawa, 'yar jihar Katsina, lauya, ɗiyar Alhaji Musa Musawa tsohon ɗan siyasa na tsagin Malam Aminu Kano, ka ga ke nan siyasar a gida ta tarar da ita. Ta yi karatun lauya a Ingila, ta yi mataimakiyar mai magana da yawun kamfen ɗin Tinubu, a watan Agustan 2023 aka rantsar da ita ministar al'adu. Wannan duk kun sani, mu wuce.

Abin da har yau ake gardama a kai a teburin mai shayi shi ne wai ya za a yi mutum ya zama minista ba shi da takardar bautar ƙasa. To ku tsaya ku duba abin da doka ta ce da kyau. Sashe na 147 na kundin tsarin mulki cewa ya yi duk wanda ya cancanci tsayawa takarar majalisar wakilai to ya cancanci minista. Sai ka juya sashe na 65 ka ga mi ake nema: ɗan ƙasa, shekara 25, karatu matakin sakandare, da jam'iyya. Shi ke nan fa. Ku nemo min takardar NYSC, wato hukumar bautar ƙasa, a ciki, babu. Wato mai takardar sakandare wanda bai taɓa sa kaki ba zai iya zama minista, ni kaina da na fara gani sai da na sake karantawa. A 2021 ma babbar kotun tarayya a Abuja haka ta ce a shari'ar Kemi Adeosun tsohuwar ministar kuɗi.

To amma ai a 2020 sanatoci sun ƙi tabbatar da Hannatun a hukumar fansho saboda takardar nan ko? Ƙwarai kuwa, kuma nan ne mutane ke haɗa biyu, waccan kujerar hukuma ce, ba sashe na 147 ke magana kanta ba.

Inda ni nake ganin masu ƙorafi suna da magana daban ne, lokacin da aka naɗa ta tana cikin yin bautar ƙasar, kuma NYSC da kanta ta fito ta ce hakan ya saɓa dokarta. Ana wannan cece-kuce dai ta ci gaba da zama ofis, a 2024 ma aka ƙara mata da yawon buɗe ido.