Darasi: Tona Rami Don Gane Ko Dusar Ƙanƙara Za Ta Zafto

Jama'a, barkanmu da warhaka. Mai kyamara, matso kusa da bangon ramin nan. Na riga na tona, kowa ya iya riƙe shebur, kuma na'urorin neman wanda dusa ta binne mun gwada su tun kafin mu hau.

To, ku duba. Dusar nan hawa-hawa take, kowane zubi da nasa hawan. Nan sama dunƙulen hannuna ya shige salin-alin. Nan tsakiya kuwa da ƙyar yatsa ɗaya ya shiga. Amma ga inda nake so ku zuba ido, wajen santimita 60 daga sama. Kun ga yadda take zubewa a tafina kamar sukari? Idan aka jera darare masu tsananin sanyi, sama garau, dusa kuma ba kauri, tururi yakan taso daga ƙasa ya mai da ƙwayoyin masu kusurwa, ba sa kama juna. Sai sabon zubi ya danne su, iska ta daddaɓe shi ya zama faifai. Faifan nan shi ke tsinkewa ya tafi da mutum.

Yanzu mu yanka ginshiƙi, santimita 30 kowane gefe. Gefe biyu ba wuya. Bayan ne ke wahalar da mutane. Zarton ya sauka a miƙe, ya wuce hawan mai rauni, kada ya tsaya a kansa. Idan ka bar ko ɗan yatsa a manne, ginshiƙin zai jingina da dutse ya nuna maka ƙarfin da ba shi da shi. Tsaya, nawa ya ɗan karkace, bari in sake bi. Yauwa.

Shebur a kan ginshiƙin, sai a riƙa bugunsa da hannu don a ga ko zai karye. Bugu goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. Af, shebur na ƙarfe za ku saya don Allah, ku bar na roba. Dusar da ta zafto takan taurare, kuma wanda ta binne, bayan minti 15 damar fito da shi da rai tana raguwa da sauri. Ba lokacin karyewar shebur ba ne.

Ɗaya, biyu... goma sha uku. Kun gani? Saman ginshiƙin ya fita fit, lokaci guda, fuskar wurin da ya karye a goge. Wannan fitar ta fi damuna a kan yawan bugun.

Da bai karye ba ma, ba zan ce ku sauka ba, domin rami ɗaya labarin wurinsa kawai yake bayarwa. Amma tunda ya karye, magana ta ƙare. Sanarwar haɗarin zaftarewar dusa ta yau mataki na 3 ce cikin 5, gangaren nan digiri 36, mafi yawan zaftarewar faifai kuwa tsakanin 30 da 45 take faruwa. Za mu bi ta doron can, inda bai kai 30 ba kuma babu tudu a kanmu, mutum ɗaya bayan ɗaya. Miƙo shebur mu cike ramin tukuna.